Damuwar ɗaliban likitanci: Me manhajar waya za ta iya, me kuma ya rage ga iyaye?

Duk mai zirga-zirga a kasuwannin kan iyaka, tun daga Illela da Birnin Ƙonni, zuwa Jibiya da Maraɗi, Maigatari da Damagaram, har Gamborun Ngala da Kusuri, ya san cewa a 'yan shekarun nan 'yan kasuwa sun samu wani sabon wurin zuba jari, wanda ba a loda shi a mota, ba a kuma tsayar da shi a shingen kwastan. Wannan jari shi ne karatun likita. Da wuya a zauna a rumfar 'yan hatsi, ko wajen 'yan canji, ko a kara wajen masu dabbobi, ba a ji cewa ɗan Alhaji wane yana karatun likita a Yamai ba, ko 'yar Hajiya wance tana Alƙahira, ko wani yana Zariya ko Sakkwato ko Garwa. Wasu sun sayar da shanu, wasu gona, wasu kuma sun taɓa uwar kuɗi, duk don a samu likita a gida.

Abin da ba a cika magana a kansa ba shi ne halin da yaran ke ciki a can. Bincike ya nuna cewa damuwa tana addabar ɗaliban likitanci fiye da sa'o'insu, kuma wasu kamfanonin waje sun hango kasuwa a nan. Yanzu haka akwai manhajojin wayar salula bila adadin da ke alkawarin koya wa mutum natsuwa, su rage masa fargaba, su sa shi barci, kuma ɗalibai na cikin waɗanda ake yi wa tallarsu. Mu da ba mu saba cinikin biri a sama ba, ya kamata mu kwance wannan haja mu auna ta, mu san abin da za ta iya da wanda ya fi ƙarfinta, kafin yaro ya bugo ya ce a turo kuɗin rajista, kuma kafin mu ɗauka cewa waya ta sauke mana nauyin da ke wuyanmu.

Girman matsalar

A shekarar 2016 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, wato JAMA, ta buga wani nazari da ya tattara bincike kusan 200 da aka gudanar a ƙasashe 47, a kan ɗaliban likitanci sama da 129,000. Sakamakon ya nuna cewa kashi 27 cikin 100 suna da ciwon damuwa ko alamominsa, wato fiye da mutum ɗaya a cikin kowane huɗu. Kashi 11 cikin 100 sun ce tunanin kashe kansu ya zo musu. Daga cikin waɗanda aka ga alamun ciwon a tare da su kuwa, wajen kashi 16 cikin 100 ne kawai suka nemi magani. Wani nazarin na 2019 ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na ɗaliban likitanci a duniya yana fama da fargaba.

Kada wani ya ce ai wannan ciwon Turawa ne. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Kanada mai suna Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abekuta, ya rubuta bayanin wani ciwo da ya gani a tsakanin ɗaliban Nijeriya, wanda su da kansu suke kira gajiyar ƙwaƙwalwa. Alamominsa su ne zafi ko nauyi a ka da wuya, gani dishi-dishi, da kuma karanta shafi guda sau da yawa ba tare da komai ya zauna ba.

Likitoci sun bayyana yadda abin ke faruwa. Idan mutum ya shiga tsoro, jikinsa kan saki wasu sinadarai da ke ƙara bugun zuciya da hanzarin numfashi, domin ya gudu ko ya kare kansa. Duk wanda ya taɓa cin karo da 'yan fashi a hanya ya san wannan yanayi. Matsalar ita ce idan tsoron bai wuce ba, ya zama na wata da watanni, sai barci ya ƙaurace, cin abinci ya lalace, ƙwaƙwalwa ta kasa riƙe karatu. Daga nan sai faɗuwa jarrabawa, faɗuwar kuma ta ƙara tsoro.

Kayan da namu yaran ke ɗauke da shi

Karatun likita a ko'ina mai nauyi ne. A Nijeriya shekara 6 ne idan babu yajin aiki, sannan shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa. A Nijar da sauran ƙasashe renon Faransa yakan kai shekara 7 ko ya wuce, da kundin bincike a ƙarshe. Akwai manyan jarrabawoyi waɗanda in ɗalibi ya faɗi sai ya sake, in ya ƙara faɗuwa ya maimaita shekara, in abin ya ci gaba a sallame shi daga sashen. Yaro ɗan shekara 19 zai fara da feɗe gawa don sanin sassan jiki, daga baya ya kwana a asibiti yana ganin mai haihuwa ko jariri ya cika a gabansa.

Wannan kowane ɗalibin likita a duniya ya san shi. Namu kuwa an ɗora musu ƙari. Idan ba a manta ba, yajin aikin malaman jami'o'in Nijeriya na 2022 ya ɗauki wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma irin wannan yajin aiki na cikin dalilan da suka sa iyaye ke kai 'ya'yansu waje. A wajen ma an gudu ba a tsira ba. A Fabrairun 2022 yaƙi ya ɓarke a Yukiren, ɗalibai suka tsere da jakar hannu, sannan hukumar kula da likitoci ta Nijeriya, wato MDCN, ta ce ba za ta karɓi karatun likitan da aka ƙarasa ta intanet ba.

Wanda ya fi taɓa mu shi ne na Sudan. Shekara da shekaru Khartum da Omdurman su ne matattarar 'ya'yan Hausawa masu karatun likita, musamman mata, saboda kusanci da addini da sauƙin kuɗi, kuma gwamnatocin jihohin Arewa da dama sun tura ɗalibai can. Ranar 15 ga Afrilun 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin ƙasar da dakarun RSF. An kwashi ɗalibai a motocin safa ta cikin hamada, wasu suka yi kwana da kwanaki a kan iyakar Masar kafin a bar su su shiga, wasu aka bi da su ta Port Sudan. Jiragen farko sun sauka Abuja ranar 3 ga Mayu, kuma 'yan Nijeriya sama da 2,000 aka kwaso. Da yawansu sun baro littattafai da takardun sakamako a can, wasu kuma ana saura 'yan watanni su kammala.

Bayan wata uku, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Nijar. ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe kan iyaka, aka yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Nijeriya, kuma ba a buɗe iyakar ƙasashen biyu ba sai a Maris na 2024. Mu mun ji jiki a kasuwa, ɗalibin da ke Yamai ko Maraɗi kuma ya ji nasa, ga karatu a duhu, ga wahalar samun saƙon kuɗi daga gida. Har ila yau, a Yunin 2023 aka saki Naira ta nemi farashinta, inda dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Uban da ke biyan kuɗin makaranta da dala a farashin banki ya wayi gari ana neman ninki uku a wurinsa, sefa ma ta yi tsada ga mai riƙe da Naira. Wanda ya haye duk wannan ya dawo da takarda, tsugune ba ta ƙare ba, domin sai ya zauna jarrabawar MDCN ta waɗanda suka yi karatu a waje, wadda a wasu zagaye waɗanda suka faɗi suka fi rabi.

Sai kuma kaya na ƙarshe, wanda mu ne muke ɗora shi. Tun ran da yaro ya samu gurbi gari ya fara kiransa Likita. Ya san shanun da aka sayar, ya san ƙannensa da aka ce su dakata. Irin wannan yaro in ya faɗi jarrabawa, da wane baki zai gaya wa mahaifinsa?

Mece ce wannan haja?

Asalin abin da manhajojin ke koyarwa shi ne tattara hankali wuri ɗaya. Mutum zai zauna na minti 10 ko 20, murya daga waya tana ce masa ya lura da shigar numfashinsa da fitarsa, in tunani ya ɗauke shi ya lura ya dawo, ba tare da ya zargi kansa ba. Hikimar ita ce yawancin damuwa na zuwa ne daga saƙa da warwara a kan abin da ya wuce ko wanda bai zo ba, kuma jan numfashi a hankali yana rage bugun zuciya.

Wanda ya shigar da wannan hanya asibiti shi ne Jon Kabat-Zinn, wanda a 1979 ya buɗe wani sashe a makarantar likitanci ta Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, ya tsara horo na mako 8 ga marasa lafiya masu fama da ciwo da damuwa. Da wayoyin zamani suka bazu sai 'yan kasuwa suka shigo. An kafa Headspace a Landan a 2010, Calm kuma a San Francisco a 2012, kuma a ƙarshen 2020 an kiyasta darajar kamfanin Calm a kan dalar Amurka biliyan 2. Ke nan ciniki ne babba, kuma kamar kowane ciniki, mai haja ba ya kushe hajarsa.

A 'yan shekarun baya, kuɗin rajistar shekara na waɗannan manyan biyu a farashin Amurka ya kasance wajen dala 70. A canjin da aka gani a 2025, wannan ya haura Naira 100,000, ko wajen jaka 40 ta sefa, alhali mafi ƙarancin albashi da aka tsayar a Nijeriya a 2024 Naira 70,000 ne a wata. Sai dai akwai na kyauta, irin su Medito, da Smiling Mind ta ƙasar Ostireliya, da Healthy Minds Program, waɗanda ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suka yi.

Abin da awo ya nuna

A 2018 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Amurka a kan ɗaliban likitanci 88. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, aka ba kashi ɗaya Headspace su yi amfani da ita na kwana 30, kuma waɗannan sun ba da rahoton raguwar damuwa. A shekarar ce kuma aka buga na Jami'ar Kambirij da ke Ingila, inda ɗalibai 616 suka shiga, kuma waɗanda aka ba horon mako 8 sun fi sauran kwanciyar hankali a lokacin jarrabawa. Wani gwajin na 2022 a Amurka, a kan manya 276 masu ciwon fargaba, ya nuna cewa horon mako 8 ya yi aiki daidai da wata sananniyar ƙwayar magani da likitoci ke bayarwa. Saboda haka ba za a ce abin yaudara ce ba.

To amma ɗan kasuwa ba ya duba saman buhu kawai. Na farko, gwaji biyun ƙarshe da muka ambata horo ne na gaba da gaba, da malami da 'yan'uwa a aji, ba waya ba. Na biyu, gwajin ɗaliban likitancin ƙarami ne, na ɗan gajeren lokaci, kuma su ɗaliban ne suka faɗi yadda suke ji da bakinsu. Na uku, wani nazari na 2022 ya gano cewa rabin gwaje-gwajen Headspace da ya duba suna da wata alaƙa da kamfanin. Na huɗu, da aka gwada koyar da wannan hanya ga yara 'yan makaranta sama da 8,000 a makarantu 84 na Birtaniya, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna ba ta fi darussan da aka saba ba, kuma yawancin yaran ba su ma riƙa yi a gida ba. Darasin a nan shi ne abin ba ya aiki ga wanda aka tilasta wa.

Babban aibin hajar kuwa shi ne ba ta daɗewa a hannu. Wani bincike na 2019 da ya bi diddigin manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa 93 ya gano cewa bayan kwana 30 da saukewa, wajen mutum 3 ne kawai cikin 100 ke ci gaba da buɗe su. Wanda ya biya kuɗin shekara ya yi mako biyu ya watsar, ya zama kamar wanda ya kama hayar shago na shekara ya buɗe kwana goma.

A taƙaice, ga ɗalibin da damuwarsa ta jarrabawa ce da ƙarancin barci, kuma shi da kansa ya ga dama, manhaja za ta iya rage masa wani abu, da babu gara ba daɗi. Ba ta biyan kuɗin makaranta, ba ta dawo da takardun da aka baro a Khartum, kuma ba ta maye gurbin likita ga wanda ciwonsa ya yi tsanani.

Inda ya kamata a yi hattara

Akwai tarkon gwajin kyauta. Za a ce ka sa lambar katin banki ka gwada na mako ɗaya ko biyu, in ka manta ba ka soke ba sai a cire kuɗin shekara, kuma a sake cirewa baɗi. Yawancin katin na uba ne ko na yaya.

Akwai batun sirri. A 2022 gidauniyar Mozilla ta duba manhajojin lafiyar ƙwaƙwalwa da na addu'a guda 32, ta sa wa 28 alamar gargaɗi kan yadda suke riƙe bayanan mutane. A 2023 hukumar kula da ciniki ta gwamnatin Amurka ta sa kamfanin BetterHelp, mai ba da shawara ta intanet, ya biya dala miliyan 7.8 bisa zargin miƙa bayanan masu hulɗa da shi ga irin su Facebook don talla. Ɗalibin da zai rubuta sirrin zuciyarsa a waya ya san cewa ba a cikin tulu ya zuba ba.

Akwai kuma waɗanda suka ga tashin hankali da idonsu. Masu bincike, ciki har da Willoughby Britton ta Jami'ar Brown a Amurka, sun nuna cewa zaman shiru da rufe ido yakan dawo wa wasu da mugun abin da suka gani, ya ƙara musu firgita. Yarinyar da ta kwana a ƙarƙashin gado tana jin ƙarar bama-bamai a Khartum tana bukatar ƙwararre ya gan ta, kafin a ce ta rufe ido ita kaɗai a ɗaki.

Sai harshe. Manyan manhajojin nan da Turanci suke magana, wasu da Faransanci da wasu harsunan Turai, kuma misalansu na rayuwar can ne. Ɗalibi zai fahimta, amma mutum da harshen uwa yake kuka.

Haɗarin da ya fi dukkan waɗannan shi ne shugabanni su fake da waya. Ya fi sauƙi ga jami'a ko gwamnati ta ce ɗalibai su koyi natsuwa, a kan ta biya kuɗin tallafin karatu a kan lokaci, ta gyara ɗakunan kwana, ta kuma tsawata wa malamin da ke wulaƙanta ɗalibi a gaban marasa lafiya.

Tambayar da iyaye za su yi

Babu shakka wani zai tambaya ko wannan abu bai saɓa wa addini ba. Gaskiyar magana ita ce asalin wannan salon zama daga addinin Buda ya fito, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Headspace, Andy Puddicombe, ya yi shekaru yana zaman ibada a wannan addini. Kabat-Zinn ya cire kalmomin ibada ya bar horon numfashi da tattara hankali, kuma haka yawancin manhajojin suke, ko da yake wasu na ɗauke da darussan malaman addinai daban-daban da kaɗe-kaɗe. Hukunci na malamai ne, amma ya kamata a kai musu abin su saurara kafin su yanke.

Abin da za mu ƙara shi ne kula da lafiyar zuciya ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya rubuta littafi kan gyaran jiki da rai, inda ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da waswasi a matsayin cututtukan da ake yi wa magani. Farfesa Malik Badri, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara sashen littafin zuwa Turanci, ya kuma yi rubutu kan tafakkuri. Ɗalibin da ke samun natsuwa a sallarsa da zikirinsa, ko Kirista a addu'arsa, ya riga ya riƙe wani abu mai kyau. Amma kamar yadda mai zazzaɓin cizon sauro ke addu'a yana shan magani, haka mai ciwon damuwa.

Darasi daga Afirka

A 2020 an buga sakamakon wani gwaji da aka yi a arewacin Uganda a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. An yi amfani da wani tsari na Hukumar Lafiya ta Duniya wanda ya ƙunshi irin wannan horo na natsuwa, an naɗe shi a murya da Larabcin Juba, ana kunna wa mata a rukuni har zama 5, tare da jagorancin mutanen da ba likitoci ba. Damuwarsu ta ragu, ko da yake tasirin ya ɗan ja baya bayan wata uku. Littafin hotuna da muryoyin wannan tsari suna shafin hukumar kyauta tun 2020, har da Faransanci da Larabci. A Zimbabuwe kuma, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a kan benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya nuna an samu sauƙi sosai. Abin da ya haɗa waɗannan biyu shi ne harshen gida, da araha, da kuma mutum a kusa.

Dokoki ma sun fara motsi. Ghana ta yi dokar lafiyar ƙwaƙwalwa tun 2012, kuma a 2023 majalisarta ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuka, don mai ciwo ya nemi taimako ba tare da tsoron kotu ba. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958. Sai dai ƙungiyar likitocin fannin ta sha kokawa cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Wannan ƙaranci ne ya ba manhajoji kasuwa, shi ne kuma ya sa rasa ɗalibin likita guda ɗaya ya zama asara ga gari baki ɗaya.

Abin da ya rage gare mu

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma yawancin yoyon nan yana hannunmu. Kafin a biya ko kwabo, a tabbatar hukumar likitocin ƙasarmu ta amince da makarantar. Mun ga yadda a Janairun 2024 gwamnatin Nijeriya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jarida ya fallasa cinikin takardun bogi, lamarin da ya jefa har waɗanda suka yi karatun gaskiya cikin zullumi.

A yi lissafin shekara 6 ko 7 da kuɗin ƙasar da za a biya, a ware wani abu don tashin canji, kamar yadda muke yi wa kowane fatauci. In kasuwa ta yi sanyi a gaya wa yaro gaskiya da wuri, tare da ranar da kuɗi zai iso. Jiran saƙon da ba a san ranarsa ba yana hana barci fiye da jarrabawa.

A canza salon kiran waya. Maimakon a fara da tambayar sakamako, a tambaye shi ko yana barci, ko yana cin abinci, da wa yake zama. A faɗa masa tun bai faɗi ba cewa in jarrabawa ta ƙi, gida gidansa ne. Wanda ya taɓa yin asarar mota guda ta albasa ya tashi ya ci gaba, ya fi kowa sanin cewa faɗuwa ɗaya ba ita ce ƙarshen kasuwa ba.

Kakanninmu fatake ba sa shiga baƙon gari ba tare da mai masauki ba. Ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu suna da mutane a Yamai da Maraɗi da Njamena da Garwa da Alƙahira. Ba zai gagara ba a haɗa kowane ɗalibi da wani dattijo ko dattijuwa da zai riƙa leƙa shi, ya ci tuwo a gidansa ran Juma'a, ya kuma sanar da gida in ya ga canji.

A kula da abin da yaro ke sha don ya kwana karatu. Daga goro da shayi da kofi wasu kan zarce zuwa tiramol da makamantansa. Nijeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma mun san ta hanyoyin da muke bi ne irin waɗannan ƙwayoyi ke ratsawa, kuma wanda ya rufe ido aka wuce da su bai san ɗan wa za su faɗa wa ba.

A san alamun haɗari. In yaro ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci ko ba ya cin abinci, ya daina ɗaukar waya, ya daina zuwa aji, yana cewa shi ba shi da amfani, ko yana ambaton mutuwa ta fi masa, to magana ta wuce manhaja. Kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi ga likita a ranar. Asibitocin koyarwa suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma na musamman a Kware kusa da Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Maiduguri, sannan akwai sashen a Babban Asibitin Ƙasa da ke Yamai. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma da yawa sukan warke su koma karatu.

Game da manhajar kanta, in yaro ya nuna sha'awa, ya fara da ta kyauta, minti 10 a rana har wata guda, zai fi kyau tare da abokan karatu biyu ko uku. In ya ga amfani ya ci gaba, in ta ƙara masa firgita ya bari ya gaya wa likita. Kada a sa katin banki sai an san ranar sokewa.

Daga ƙarshe, muna kira ga jami'o'in yankin nan da su samar da masu ba ɗalibai shawara cikin sirri, su kuma duba yiwuwar naɗar irin wannan horo da Hausa tare da likitoci da malamai, yadda za a iya tura shi ta WhatsApp ba tare da cin data mai yawa ba. Gwamnatocin da suka tura ɗalibai waje su biya haƙƙinsu a kan kari. Mu kuma iyaye mu tuna cewa yaron da muka tura shi ne uwar kuɗin, takardar riba ce. Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a da lafiya, ya dawo mana da su gida lami lafiya.